Darasi: Hanyar Fita Ranar Gobara

Gidan Bahaushe na birni da ɓarawo a zuciya ake gina shi. Katanga doguwa, wani har da fasassun kwalabe ko waya mai ƙaya a samanta. Ƙofa ɗaya tilo ta zaure. Tagogi ƙanana, an walde su da rodi. Da an watse daga hira sai maigida ya zura sakata, ya datse kwaɗo, ya jefa makulli a aljihun rigar da shi kansa ba lallai ne ya tuna inda ya rataye ta ba. Ba mai ganin laifinsa, halin tsaron da ake ciki ya kai a yi haka. Sai dai duk abin da ya hana na waje shigowa, shi ne zai hana na ciki fita idan wuta ta tashi da tsakar dare.

An ga haka a Yamai. Ranar 13 ga Afrilu, 2021, gobara ta tashi a wata makaranta mai azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas, ta ci rayukan yara 20. Daga wajen ƙofar shiga wutar ta faro, makarantar kuma ba ta da wata mafita, don haka da yawa daga waɗanda suka tsira katanga suka haura. Ƙananan da ba su isa hawa katanga ba su abin ya fi ritsawa da su. A watan Fabrairun 2025 kuma almajirai 17 suka rasu a Ƙaura Namoda ta jihar Zamfara, wuta ta riske su cikin dare suna barci. Allah Ya ji ƙansu. Makarantu ne waɗannan, amma abubuwan da suka haɗu a cikinsu su ne ke haɗuwa a gidajenmu: dare, barci, ƙananan yara, da hanyar fita guda ɗaya.

A wannan darasi za mu koyi yadda iyali za su tsara fitarsu tun kafin ranar, da yadda za su gwada tsarin har ya zauna musu a jiki.

Hayaƙi yana riga wuta

Yawancinmu muna ɗauka wuta ce ke kashe mutum a gobara. Sau da yawa hayaƙi ne ke riga ta. A cikinsa akwai wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Idan aka shaƙe ta sai ta maƙale a jini, ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Mutum ya ji kansa ya yi nauyi, gaɓoɓinsa su mutu, tunaninsa ya rikice har ya kasa gane ƙofar ɗakin da ya shekara goma yana kwana a ciki. Mai barci kuwa kada ya sa ran wari zai tashe shi, hayaƙin ƙara dulmiyar da shi yake yi. Wannan iskar ce kuma ke halaka iyalin da suka kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da hunturu, ko suka shigo da janareta cikin falo don gudun sata, a wayi gari ba abin da ya ƙone amma ba mai motsi.

Ku dubi kuma abin da ke cikin ɗakunanmu yau. A da gadon kara ne ko na ƙarfe, da tabarma, da ƙore. Yanzu katifar soso ce, da kujerun kushin, da labulen nailan har ƙasa, da leda a shimfiɗe, da silin na roba, ga robobi jere a kan kabad. Duk waɗannan daga man fetur aka samo asalinsu, suna ci da sauri, hayaƙinsu baƙi ne wuluk mai ƙarin guba. Shi ya sa masu aikin kashe gobara suke cewa daga lokacin da aka farga zuwa lokacin da ɗaki zai gagari shiga, wataƙila minti biyu ne ko uku. Kimanin lokacin da mutum zai yi alwala ke nan. A ciki za a tashi yara, a nemo makulli cikin duhu, a ɗauko tsohuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda wutar ke fitowa kuwa kowa ya sani. An sa hita a bokiti aka ɗauke wuta, aka manta ba a cire ba, aka dawo da ita ƙarfe biyun dare. Maganin sauro na hayaƙi a gefen katifa. Kyandir a kan talabijin. Kaskon turaren wuta a ƙarƙashin kayan sawa. Jarkar fetur a bayan ƙofa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, sanda komai ya bushe iska kuma tana kaɗawa, abin ya fi yawa.

"Kada ka yi mana baki"

Wanda ya koma gida da wannan magana zai iya cin karo da wannan amsa, musamman daga manya: ana zaune lafiya ka zo kana kira mana gobara, abin da Allah Ya ƙaddara ai ba makawa. Kada a yi musu da tsoho, a lallaɓa shi. A tuna masa cewa Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari labarin wani gida da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka gaya wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya yi umarni a riƙa kashe wuta idan za a kwanta. Ke nan yin tanadi saboda gobara koyarwa ce, ba mugun fata ba. Ballantana wanda ya sa kwaɗo a ƙofarsa bai ce ɓarawo yake kira ba.

Zana gidanka

A samu takarda da fensir, ko a share ƙasa a tsakar gida a zana da tsinke. Ba sai an iya zane ba. A fitar da kowane ɗaki, da kicin, da banɗaki, da zaure, a sa alama a kowace ƙofa da kowace taga. Sannan a tsaya a kan kowane ɗakin kwana a tambaya: idan wuta ta tare ƙofar nan, ta ina na ciki zai fita? Idan kuma an fito tsakar gida aka tarar zaure ne ke ci, sai ina?

A nan ne yawancin gidaje za su gane ba su da amsa, kuma a nan ne aikin yake. Ku fara da taga. Ba cewa aka yi a cire rodi ba. A kira mai walda ya yanke na taga ɗaya a kowane ɗakin kwana, ya mai da shi ƙyaure mai buɗewa, da sakata ta ciki a inda hannun na waje ba zai kai ba. Idan dole sai an sa kwaɗo, to a kafa ƙusa a bango nesa kaɗan da tagar, a rataye makullin a nan, kada ya taɓa barin wurin. A ganina, a duk abin da ke cikin darasin nan ba kuɗin da ya kai na mai waldan nan amfani, kuma bai kai abin da ake kashewa a ɗinkin sallah ba.

Sai makullin ƙofar gida. Wurinsa ɗaya ne, kusa da ƙofar, inda yaro ɗan shekara bakwai zai iya miƙa hannu ya ɗauko ko da idonsa a rufe. Ba aljihun maigida ba, ba ƙarƙashin matashin kai ba. A rataye tocila a gefensa. Idan kwaɗon ya yi tsatsa, sai an yi ta jijjiga kafin ya buɗe, a ɗiga masa mai ko a sake wani.

Ku leƙa zaurenku yau da daddare ku ga abin da ke ciki. A gidaje da yawa nan ne makwancin babur, da tankinsa cike da mai. Ga janareta a gefe, ga buhunan harawar tumaki, ga ragowar katako da tsohuwar katifa, an bar 'yar siririyar hanya da sai mutum ya karkace yake wucewa. Hanyar fita ɗaya tilo, ita ce kuma aka tara wa duk abin da wuta ta fi so. Haka abin yake a gidajen haya masu ɗakuna a jere, inda kowace mata ta ajiye risho ko tukunyar gas a bakin ƙofarta, a lungu ɗaya da kowa ke bi. Abin da zai yiwu a kwashe a kwashe. Wanda ba shi da inda zai kai babur, to lallai ya nemi hanya ta biyu: ƙaramar ƙofa ta baya idan akwai lungu, ko tsani a jingine a katangar da ta haɗa shi da maƙwabci, bayan sun yi magana sun amince cewa ranar tsautsayi kowa zai iya dira gidan ɗan'uwansa.

Akwai wata al'ada da ya kamata a faɗe ta ƙarara. Maigida ya fita masallaci da asuba, ko ya tafi aikin dare, ya kulle gida ta waje ya tafi da makulli. Uwa za ta leƙa barka ko ta shiga maƙwabta, ta ja wa yara ƙofa ta sa kwaɗo don kada su fita yawo. Duk da kyakkyawar niyya ake yi, amma an sha fasa irin wannan ƙofar a makare. Kada a kulle mai rai a inda ba zai iya buɗe wa kansa ba.

Wa zai ɗauki wa?

Idan hankali ya tashi, kowa yana ɗauka wani ya ɗauko jaririn. Saboda haka a raba aiki tun yanzu, da suna. Kowace uwa ta san yaran da ke wuyanta. A gidan da mata suka fi ɗaya, a tuna maigida ba a ɗaki ɗaya yake kwana kullum ba, mai girki kuma takan bar yaranta a ɗakinta, to wa ke kansu a wannan daren? Kaka da ba ta iya tashi da kanta a ba ta ƙaƙƙarfan saurayi ɗaya, a kuma ajiye wanda zai maye gurbinsa in ba ya nan. In da hali ma a mai da ita ɗakin da ya fi kusa da ƙofa. Kurma sai an taɓa shi, ihu ba zai tashe shi ba. Kada a manta da 'yar aiki, da baƙon da ya kwana, da almajirin da ke kwana a zaure. Kuma tsarin da ba zai yi aiki ba sai maigida yana gari, ba tsari ba ne, don ba lallai ne gobarar ta tarar da shi a ciki ba.

Sannan a tsai da wuri ɗaya da kowa zai nufa in ya fita: gindin dalbejiyar tsallaken layi, ko ƙofar masallacin unguwa. Ba bakin ƙofar gidan ba, ba kuma tsakiyar hanyar da motar kashe gobara za ta bi ba. Amfanin wurin shi ne ƙirge. Mutane sun sha komawa cikin wuta neman yaron da tuni maƙwabciya ta ɗauke shi ta shige gidanta. Da an taru a wuri ɗaya an kira suna ɗaya bayan ɗaya, da ba a yi wannan asarar ba.

Lokacin fita

Wanda ya fara gani ya ɗaga murya iya ƙarfinsa: "Gobara! Gobara!" Salati da kuka kaɗai ba za su gaya wa maƙwabta abin da za su fito da shi a hannu ba. Kafin a buɗe ƙofar da ke rufe, a taɓa ta da bayan hannu. In da zafi, wuta na bayanta, a bar ta a nufi taga. Hayaƙi sama yake tashi, iska mai dama-dama tana ƙasa, don haka da rarrafe ake fita, ana bin bango da hannu. Duk ƙofar da aka wuce a ja ta a rufe, ba da makulli ba, domin rufaffiyar ƙofa tana rage wa wuta iska, tana kuma tsare hayaƙi na ɗan lokaci.

Ba a tsayawa ɗaukar komai. Takardun gida da na makaranta, in ana jin su, a haɗa su tun yanzu a jaka ɗaya kusa da ƙofa, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Ga mata kuma akwai maganar da ba a cika yi ba: da yawa sukan juya neman hijabi ko mayafi saboda kunyar fita a kayan barci. Rataya hijabi a ƙusar bakin ƙofa kowane dare ya kashe wannan matsala. In bai samu ba, a fita haka nan, maƙwabta za su miƙo zane. Rai ke gaba, kuma ba malamin da zai ce ba haka ba.

Ƙananan yara idan sun tsorata ɓuya suke yi, ƙarƙashin gado ko bayan kabad, musamman wanda ya san shi ya yi wasa da ashana. A gaya musu tun yanzu, da bakin uba: "Ko kai ka kunna, fito ka faɗa, ba mai dukanka."

Wanda wuta ta kama tufafinsa kada ya ruga, gudu hura ta yake yi. Ya tsaya, ya kwanta, ya rufe fuska da hannu, ya yi ta birgima, na kusa su lulluɓe shi da bargo. A zuba wa ƙunar ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ba ƙanƙara ba, ba makilin ko ɗanyen ƙwai ko manja ba, sannan a nufi asibiti.

Mazauna bene, idan wuta ta tare matakala, su shiga ɗakin da ke da taga ta waje, su rufe ƙofa, su toshe ƙasanta da jiƙaƙƙen zane, su tsaya a taga suna kaɗa ƙyalle ko haska tocila. Tsalle shi ne dabara ta ƙarshe. In ya zama dole daga hawa na farko, a jefa katifu ƙasa, a miƙa yara ga na ƙasa, babba kuma ya riƙe bakin taga ya saki jikinsa ya yi lilo kafin ya sake hannu.

Ƙaramar wuta da aka gani tun tana farawa ana iya kashe ta, muddin ƙofa tana bayan mutum. Man suya da ya kama a rufe shi da murfi a kashe risho, ruwa fantsama shi yake yi. Ta lantarki a fara kashe babban makunnin gida. Ta fetur yashi ake zuba mata. Da ta fara lasar silin, ta fi ƙarfinku, ku fita.

Daga waje ake kiran 'yan kwana-kwana. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, kyauta ake kiranta. A Nijar 18, a Gana 192. A nemi kuma lambar ofishin kashe gobara mafi kusa, a sa a wayar kowa, a rubuta ta a bangon zaure. A kira su da wuri. Mukan ɓata rabin awa da bokitai, sai abu ya gagara a tuna da su, in sun iso kuma a tare su da zagi, wani lokaci har da jifa. Mai kira ya faɗi unguwa da layi da wata alama sananniya, a tura yaro mai wayo bakin titi ya jira su, domin lungunan cikin birni irin na Kano ko Zariya ko Katsina ba kowanne mota ke shiga ba. Wanda ya fita ya fita ke nan. In an ƙirga an ga babu wani, a gaya wa ma'aikatan ɗakin da yake kwana.

Gwaji

Duk abin da aka faɗa a sama, in a baki ya tsaya, hayaƙin farko zai share shi daga kai. Sai ƙafa ta taka, hannu ya saba da sakata.

Gwajin farko da rana za a yi, a natse. A sanar da maƙwabta tukuna don kada a tara jama'a a banza. Kowa ya shiga ɗakinsa ya kwanta kamar mai barci. Maigida ko uwargida ta buga murfin tukunya ta ce "Gobara!" Kowa ya bi hanyarsa da rarrafe, ya yi aikin da aka ba shi, a haɗu a wurin taruwa, a kira suna. Wani ya riƙe waya yana duba lokaci. Abin nema shi ne kowa ya fita cikin minti biyu. Ba a kunna wuta ko tayar da hayaƙi don gwaji.

Karon farko ba zai yi kyau ba, kuma amfaninsa ke nan. Nan za a gane sakatar tagar ta cije, ko tsanin bai kai katanga ba, ko autan gida ya tsaya neman takalmi. Za a ji irin wannan:

"Umma, ni zan ɗauko Hajiya ko Yaya?"

"Yayanka ne. Kai buɗe ƙofa aka ba ka, ina makullin?"

"Baba ya cire ɗazu da zai fita."

To an kama matsalar ke nan da rana tsaka, kowa yana dariya. A gyara, a sake.

In an ƙware, sai a ƙara wuya. A jingine tabarma a bakin zaure a ce nan wuta ce, a ga ko za a tuna da hanya ta biyu. A ce yau maigida ya yi tafiya, ya koma gefe ya zuba ido. Daga baya a yi na dare, fitilu a kashe, bayan an gaya wa yara cewa za a yi a cikin makon. A nan ne iyaye da yawa ke mamakin nauyin barcin 'ya'yansu: akwai yaron da ko ƙararrawar gano hayaƙi, irin mai batir da ake mannawa a silin, ba ta tashinsa, sai an kira sunansa an girgiza shi. Na'urar tana da amfani ƙwarai ga mai halin saye, don ita ke ba da mintunan farko, amma ba ta ɗauke wa kowa aikinsa ba.

Sau biyu a shekara ya wadatar: ɗaya a Nuwamba kafin hunturu ya kankama, ɗaya wajen watan Mayu. A kuma sake duk lokacin da gidan ya canja, kamar an yi haihuwa, an kawo amarya, an ƙara ɗaki, ko an tashi zuwa sabon gida.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya zana gidansa, ya nuna hanyoyi biyu daga kowane ɗakin kwana, ya rubuta sunan kowa da aikin da aka ba shi, da wurin taruwa. Ya amsa a littafinsa: me ya sa ake fita da rarrafe, kuma me ya sa ba a zuba wa man suya ruwa? Sannan ya yi gwajin rana sau ɗaya da iyalinsa, ya rubuta minti nawa suka ɗauka da abin da ya tsai da su. Wanda ya tarar akwai ɗakin da ba shi da hanya ta biyu, kada ya ji nauyi, ya zo da zanensa aji mu duba tare. Amma ƙusar makulli kada ta jira mako mai zuwa, ku kafa ta yau kafin ku kwanta.